Kofi a ofishin firinsifal, yaro a bakin titi: me makarantun gwamnati na Abuja ke shirya yaranmu su zama?

Tun da gwamnatin tarayya ta fito da sabuwar manhajar karatu a 2025, wadda ta ce kowane yaro daga ƙaramar sakandare sai ya zaɓi sana'a ɗaya ya haɗa da karatunsa, musu ya ƙi ƙarewa a guruf ɗin iyaye na WhatsApp da majalisun bayan la'asar a Kubwa da Nyanya da Gwagwalada. Wani ya ce ai so ake a mayar da 'ya'yan talakawa teloli da masu gyaran waya, wani ya ce yo da ma me digirin ya tsinana wa waɗanda suka yi shi. Can kuma sai ka ga an saka hoton yara sanye da yunifom sun ɗaga kofi, an rubuta makarantar gwamnati ta kaza ta yi zarra, kowa na ta Masha Allah. To tambayar ita ce, in har makarantun nan suna cin gasa, malamansu suna karɓar lambar yabo, me ya sa yaro ke gama SS3 ya dawo gida bai san ina zai dosa ba, kuma sabuwar manhajar nan za ta canza wani abu ko kuwa?

Wa ke da makarantar ma tukuna?

Mutane da yawa in an ce makarantar gwamnati a Abuja sai su ɗauka duk uwa ɗaya uba ɗaya ne, alhali ba haka abin yake ba, kuma rashin gane wannan shi ke sa a riƙa zagin wanda ba shi da laifi a bar mai laifin.

Firamaren da muke ce wa LEA, albashin malamanta yana wuyan ƙananan hukumomi 6 na birnin tarayya ne, wato AMAC da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji. Ƙaramar sakandare, JSS1 zuwa JSS3, tana ƙarƙashin hukumar ilimin bai ɗaya ta Abuja da ake kira UBEB. Babbar sakandare kuma hukumarta daban, makarantun kimiyya da fasaha su ma da nasu sashen, dukansu a ƙarƙashin sakatariyar ilimi ta hukumar birnin tarayya da minista ke jagoranta. Sannan ga makarantun haɗin kai irin su FGC Kwali da FGGC Bwari da ta fasaha da ke Orozo, waɗannan na ma'aikatar ilimi ta tarayya ne kai tsaye, a Abuja kawai suke zaune.

Kun ga yaro ɗaya kafin ya gama shekara 12 ɗinsa na karatu ya bi ta hannun masu gida uku ke nan, kuma kowa da irin aljihunsa. Shi ya sa a 2025 malaman firamare suka shiga yajin aiki tun ƙarshen watan Maris ba su dawo ba sai a Yuli, sama da wata uku, kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu tun Yulin 2024 amma ƙananan hukumomin ba su fara biyan su ba, alhali a daidai lokacin yayyensu na sakandare suna zuwa makaranta abinsu, ana ta fentin wasu ajujuwa ma. Sai da minista Nyesom Wike ya shiga tsakani aka ce za a ɗebi kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar ƙananan hukumomin a rage bashin sannan aka buɗe. Yaron da ya rasa zango guda cur a aji 5 shi ne zai shiga JSS1 a ce masa zaɓi sana'a. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

In an ce makaranta ta yi nasara, wace nasarar?

Abu uku ake cakuɗawa a nan. Na farko kofi, wato gasar muhawara da kacici-kacici da ta kimiyya da kulob ɗin ɗaliban kimiyya da fasaha, wato JETS, ke zuwa da wasanni. Na biyu rizal ɗin WAEC da NECO. Na uku, wanda kusan ba mai auna shi, shi ne me yaron ya iya yi da kansa da hannunsa ranar da ya fita get ɗin makaranta.

Kofi abin alfahari ne wallahi, ni ba na cikin masu raina shi, yarinyar da ta tashi daga Karshi ko Dutse ta tsaya gaban alƙalai ta kayar da 'yan makarantar da ake biyan miliyoyi ta cancanci a yi mata guɗa. Amma ku duba yadda ake shirya gasar. Malami ɗaya mai zuciya ne zai tsinci yara 3 ko 4 mafiya kaifi a cikin ɗaruruwa, ya riƙe su bayan an tashi, wani lokaci kuɗin mota ma daga aljihunsa, ya yi ta horar da su har su ci. Abin da kofin ke gaya mana shi ne akwai wannan malamin kuma akwai waɗannan yaran. Bai ce komai ba game da sauran da ke zaune uku-uku huɗu-huɗu a benci ɗaya. Kuma a tuna wasu makarantun da ke yawan cin gasa, irin ta masu hazaƙa da ke Gwagwalada, tun wajen shiga aka tace yaran da jarrabawa, to haɗa su da makarantar jeka-ka-dawo da ke karɓar duk wanda ya zo ba adalci ba ne.

Rizal kuma ya fi kofi faɗi tunda kowa ya shafa, sai dai shi ma 2025 ta nuna mana iyakarsa. Da WAEC ta saki sakamako a watan Agusta ta ce kashi 38.32 cikin 100 ne a faɗin ƙasa suka samu kiredit 5 har da Turanci da Lissafi, bayan a 2024 kashi 72.12 ne, hankalin iyaye ya tashi, kwana kaɗan sai hukumar ta dawo ta ce an samu kuskure wajen maki, ta gyara ya koma 62.96. Yaran su ne dai, malaman su ne, abin da suka rubuta bai canza ba, amma a cikin mako guda lamba ta tashi daga bala'i zuwa ba laifi. A JAMB ta shekarar kuma cikin kusan miliyan 2 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba a sakamakon farko da aka saki. Ko da ma kowa ya ci, kujerun jami'a ba za su ɗauke su ba. To su waɗanda ba su shiga ba, waɗanda su ne mafi yawa, makarantar ta shirya musu me? Nan ne maganar sana'a ta shigo.

Malamin da aka ji sunansa da dubun da ba a ji ba

Abuja tana da misali mai kyau a nan. Olasunkanmi Opeifa, malamin Turanci a makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo da ke Karu, ya ci kyautar gwarzon malami ta Maltina a 2018, sannan a 2020 ya shiga cikin malamai 10 na ƙarshe a gasar gwarzon malami ta duniya mai kyautar dala miliyan 1. Wani malami ɗan Indiya, Ranjitsinh Disale, shi ya ci, kuma ya raba rabin kuɗin ga sauran taran. Karu fa, ba wata makarantar 'yan gayu a Maitama ba. Duk wanda ke cewa malaman gwamnati ba su iya komai ba sai ya yi mana bayanin wannan.

Amma kyautar mutum ɗaya ba ta biyan albashin saura. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoban 2020, shugaba Buhari ya yi alƙawarin tsarin albashi na musamman ga malamai da ƙarin shekarun aiki. Na shekarun ya zama doka a 2022, ritaya ta koma shekara 65 ko shekara 40 a bakin aiki. Na albashin kuwa ku tambayi duk malamin da kuka sani a unguwarku, ku ga irin dariyar da zai yi.

Abin da ya fi damu na ma wani ne daban. Malamin Turanci ko na Lissafi in ya ƙware a aji zai zauna, don nan ne kasuwarsa. Amma wanda ya iya haɗa sola da gaske, ko ya iya cire IC, wato 'yar mitsitsiyar na'urar cikin waya, ya mayar ba tare da ya ƙona bod ɗin da take kai ba, me zai zaunar da shi a aji yana jiran ƙarshen wata? Aiki biyu uku a Gwarinpa ko teburi ɗaya a kasuwar wayoyi ta Banex na iya ba shi abin da ya fi albashin. Ga kuma ƙa'ida, kafin a ɗauke ka koyarwa sai kana da aƙalla NCE da rajistar hukumar malamai ta TRCN, shi kuwa ogan da ya iya aikin galibi ba shi da ko ɗaya. Wanda ke da takardar bai taɓa riƙe kayan aikin ba, wanda ya riƙe kayan aikin ba shi da takardar.

Sana'a a makaranta ba yau aka fara ba

Masu murna da masu fushi duka suna magana kamar sabon abu ne aka ƙirƙiro. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ainihin manufarsa ke nan, yaro ya yi shekara 3 a ƙaramar sakandare yana taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki, wanda ya ga hannunsa ya fi faɗawa can ya wuce makarantar fasaha. Gwamnati ta sayo injina daga ƙasashen Turai ta rarraba, da yawansu a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, babu wuta, babu ɗakin da za a kafa su, babu wanda ya san yadda ake kunna su. Iyayenmu da suka yi sakandare a lokacin za su ba ku labarin intirotek, wato darasin share fagen fasaha, da aka koya musu da alli.

A 2011 aka sake dawowa da maganar, aka sa sana'o'i 34 a babbar sakandare aka ce dole kowa ya ɗauki ɗaya, WAEC ta fara jarraba su a 2014. Me ya faru? Makarantu suka duba jerin suka zaɓi waɗanda ba sa buƙatar wakshof, irin su darasin kasuwanci da sarrafa bayanai da kiwon dabbobi na cikin littafi. Yaro ya samu A1 a sarrafa bayanai alhali sau nawa ya zauna gaban kwamfuta, ya ci kiwon dabbobi bai taɓa yi wa kaza allura ba. Ba na ganin laifin firinsifal ɗin sosai, an ba shi umarni ba a ba shi kayan aiki ba, ya nemi mafita. A ƙarshen 2024 ma ministan ilimi na lokacin Tahir Mamman ya sanar da sana'o'i 15 na matakin farko, kafin a je ko'ina aka sauya minista, Tunji Alausa ya zo, lissafi ya sake canzawa.

To me ya canza a wannan karon?

Abu biyu. An rage yawan darussa, ƙaramar sakandare 12 zuwa 14, babbar sakandare 8 zuwa 9. Sannan an matse sana'o'in zuwa 6 kacal: haɗa sola da gyaranta, ɗinki da zayyanar kaya, kiwo, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da waya, sai noman lambu da amfanin gona. An ce za a fara ne daga ajin farko na kowane mataki, wato firamare 1 da 4 da JSS1 da SS1.

Gaskiya zaɓin ba shi da laifi, duk shidan abubuwa ne da ake biyan kuɗi a kansu yau ɗin nan a Abuja, kuma an toshe ƙofar gudu zuwa darasin da ake haddacewa kawai. Amma bari mu ɗauki solar nan mu duba ta kusa, don a ga me ake nufi da koyar da ita.

Ka ce maigida a Lugbe ya kira yaro, yana da fanka 2 kowace wat 60, ƙwan lantarki 6 kowane wat 10, da talabijin mai wat 80, yana so su yi masa awa 6 da dare. Yaron zai haɗa 120 da 60 da 80 ya samu 260, ya ninka da 6 ya samu 1,560, wutar da za a ci a daren ke nan. Baturi mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400 a takarda, amma irin na ruwan nan ba a son a zuƙe shi ya wuce rabi in ana so ya yi ƙarko, saura 1,200 ke nan, ga kuma abin da inbata ke ci. Baturi ɗaya bai isa ba. Wanda bai iya wannan lissafin ba zai haɗa masa ɗaya ya karɓi kuɗinsa, bayan wata shida baturin ya mutu, a yi ta rigima har ofishin 'yan sanda. Daga nan sai maganar kaurin waya, da fanel nawa za su cika baturin a yini, da ina za a fuskantar da su a kan rufi.

Kun ga abu biyu a nan. Sana'ar ba mafakar wanda ya kasa boko ba ce kamar yadda ake ɗauka, yaron nan da yajin aiki ya cinye masa zango a aji 5, wanda ninkawa ke ba shi wahala, a nan ma zai maƙale. Na biyu kuma ba a koyon wannan sai da fanel da baturi da mita a gaban yaro, ya taɓa, ya yi kuskure, fiyus ya ƙone, a sake. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce ajin firaktikal kada ya wuce yara 20 ga malami ɗaya. Duk wanda ya taɓa leƙa aji a makarantun gefen gari, inda har yaran Mararaba da Masaka ke tsallakowa daga Nasarawa su cika benci, ya san tazarar da ke tsakanin 20 da abin da ke ƙasa.

Masu so da masu ƙi

Masu ƙi suna da hujja, kada a raina musu. Suna cewa masu tsara manhajar nasu 'ya'yan suna Ingila da Amurka ko makarantun kuɗi suna shirin zama likitoci da lauyoyi, namu ne za a ce su koyi kitso. Kuma sun ga yadda ake wulaƙanta mai HND a gaban mai digiri a ofisoshin gwamnati, balle mai satifiket ɗin sana'a. A garin da kusan kowa burinsa ya samu ofa a sakatariya, wannan tsoron ba shirme ba ne. Inda na rabu da su shi ne ɗaukar sana'ar ba ta hana yaro Fizis da Kemistiri, darasi ɗaya ne cikin 8 ko 9, JAMB ɗinsa tana nan.

Masu so kuma wani lokaci suna wuce gona da iri, musamman 'yan digiri-ba-shi-da-amfani na Facebook, waɗanda akasari su da kansu da digirin suke cin abinci. Arewa har yanzu tana neman likitoci da nas-nas da injiniyoyi da malaman kimiyya ido rufe, a ce wa yaron da zai iya zama ɗaya daga ciki ya haƙura ba taimako ba ne.

Akwai ɓangare na uku da ba a cika tambaya ba, ogannin da ke Apo wajen makanikai da Kugbo wajen kafintoci da Dei-Dei wajen masu kayan gini. Su ne ke horar da mafi yawan masu sana'ar garin nan tun fil azal ba tare da ko sisin gwamnati ba. Hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna tana da tsarin da ake auna ƙwarewar mutum a ba shi shaidar mataki-mataki ko da a gareji ya koya, kuma a ganina in ba a ɗaura makarantu da waɗannan mutanen ba, a riƙa tura yara wajensu da hutu ko a kawo su aji a biya su, to labarin akwatunan 1982 za a maimaita.

Hanyar da iyaye da yawa ba su san da ita ba

Bayan JSS3 ba dole sai babbar sakandare ta yau da kullum ba. Akwai kwalejojin fasaha, kamar ta Area 3 a Garki da ta tarayya a Orozo, inda yaro ke shekara 3 a kan sana'a ɗaya ya rubuta jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar sana'a da fasaha da aka kafa a 1992 mai hedikwata a Benin. Abin da mutane ba su sani ba shi ne sakamakon NABTEB ana neman gurbin foliteknik da jami'a da shi kamar WAEC da NECO, ƙofar gaba ba ta rufe ba. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da karatu kyauta a kwalejojin fasaharta da alawus na naira 22,500 a wata ga masu shirin koyon sana'a, da tsarin kashi 80 aiki da hannu kashi 20 karatun aji.

Matsalar wa zai gaya wa yaro ɗan shekara 14 wannan? A takarda kowace sakandare tana da malamin ba da shawara kan makoma. A zahiri sau da yawa an haɗa masa da wani darasin ya koyar, ko ofishin nasa ya zama inda ake kai masu laifi. Sai rabon aji a SS1 ya koma mai ƙoƙari sayans, matsakaici kamashal, saura at, ba wanda ya tambayi yaron me yake so, ba wanda ya kira uban.

Abin da zai iso gidan talaka

Na farko kuɗi. Karatun matakin farko kyauta ne a doka tun dokar UBE ta 2004, amma yadi da zare da almakashi da dalmar liƙa waya da irin shuka wani ne zai saya, kuma in gwamnati ba ta sa shi a kasafi ba ta PTA zai biyo ya sauka a kan mai gadi da ɗan acaɓa da ke da yara 5 a makaranta.

Na biyu zaɓin ba zai zama na yaro ba, na makaranta ne. Wadda ke da fili a Kwali ko Abaji za ta ce kowa noma, wadda ta samu kekunan ɗinki 4 daga wata ƙungiya za ta ce kowa ɗinki. Kuma ina jin tsoron a tura 'yan mata duka ɗinki da kwalliya ba tare da an tambaye su ba, alhali gyaran waya aiki ne na zama da natsuwa da ido, kuma a unguwanninmu mata da yawa za su fi sakewa su miƙa wayarsu mai ɗauke da hotunansu ga mace 'yar uwarsu. Kasuwa ce a buɗe da ba mai kallon ta.

Don haka Alhaji, Hajiya, ranar taron PTA in firinsifal ya gama nuna kofuna ku tafa masa, ya cancanta, sannan ku tambaye shi wace sana'a makarantar ta zaɓa cikin shidan, wa ke koyar da ita kuma shi ya taɓa yin ta a waje, a nuna muku ɗakin da kayan suke, yara nawa ke shiga a lokaci ɗaya, sau nawa a mako. Ku tambayi kuma 'yan SS3 na bara ina suke yanzu, nawa suka samu gurbi, nawa ke koyon aiki, nawa ke zaune. Zai yi wuya ku samu makarantar da ke riƙe da wannan lissafin, don ba wanda ya taɓa neman sa a wajenta, hukumomin ma adadin kiredit suke tambaya. Yaran da suka shiga SS1 da sabuwar manhajar a 2025 su ne za su rubuta WAEC a 2028.